Dashen Inji Mai Tobo: Sana'ar da Awo Ya Fi Ƙarfin Damtse

Aikin mafi yawan kanikawa shi ne su mayar da mota yadda kamfani ya ƙero ta. A kawo ta tana hayaƙi, ko tana zafi, ko ta ƙi tashi, su gano ciwon su gyara, mai ita ya biya ya kama gabansa. Amma a cikin masu riƙe sifana akwai wani ɗan rukuni da aikinsu ya fita daban. Lafiya ƙalau ake kawo musu mota, a ce su sauke injin da ta zo da shi, su ɗora mata wani mai tobo wanda ba dominta aka ƙera shi ba, sannan su daidaita shi har ya ba da ƙarfin da ya ninka na da. Motar da za ta fita daga garejinsu babu kamfanin da ya taɓa zana irinta, babu kuma littafin da za a buɗe a ga yadda ake ɗaure ta. Duk lissafin da injiniyoyin kamfani kan kwashe shekaru suna yi, tun daga sanyaya inji har zuwa birki, ya dawo wuyan mutum ɗaya da yaransa.

Wanda ya hango aikin daga bakin titi, sarƙa da ƙugiya zai gani, da majiya ƙarfi suna jan inji sama. Wannan shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke raba gwani da ɗan tagajan-tagajan a wannan sana'a shi ne awo: iska nawa ke shiga, mai nawa ya dace da ita, yaushe wuta za ta kama, kuma zafi nawa ƙarfe zai iya ɗauka kafin ya sallama.

Abin da tobo ke yi

Inji ya fi shan iska a kan mai. Kafin fetur kilo ɗaya ya ƙone ƙurmus, sai an haɗa shi da iska kilo 14.7. Ƙara wa inji mai ba wani abu ba ne, buɗe nozul ne kawai. Iskar ce matsala, domin kowace silinda tana da iyakar abin da za ta iya zuƙa da kanta. Tobo kuwa aikin zugazugi yake yi a maƙera: yana tura wa wuta iskar da ba za ta samu da kanta ba, sai ta ƙara ci. Sai dai shi ba yaro ke zuga shi ba, hayaƙin da injin ke zubarwa ne ke juya shi.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin fetur ta salansa yake ficewa. Tobo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙi mai zafi ya bugi ta farko ta juya, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin inji. Sandar nan kan yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya, ɓangaren hayaƙin kuma zafinsa kan kai digiri 900, har ya yi jajir idan aka matsa masa. In tobo ya ƙara matsin bar ɗaya, wato kusan PSI 14.5 a irin ma'aunin da mai faci ke gwada iskar taya, to injin ya samu kusan ninkin iskar da ya saba samu. A ba shi man da ya dace da ita, injin lita biyu ya yi aikin da ya kusa na lita huɗu.

Dabarar ta tsufa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistarta a 1905, kuma ta daɗe tana aiki a jiragen ruwa da jiragen sama da manyan injinan dizal kafin ta sauko kan ƙananan motoci. A 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair masu tobo. Jetfire ba ta yi tsawon rai ba, domin tana buƙatar a riƙa zuba mata wani haɗin ruwa da sinadari don hana injin bugawa, wato fashewar mai da kansa a cikin silinda, masu ita kuma suka riƙa mantawa. Tun daga ranar farko ke nan, zafi da bugun inji su ne abokan gaban tobo. Direbobinmu na tirela da tanka sun san shi tun tuni, sun san fitonsa idan DAF ta kama hawa, sun kuma san baƙin hayaƙin da mota ke yi ranar da ya mutu.

Inda sana'ar ta yi ƙarfi

A Japan wannan aiki ya zama sana'a mai cin gashin kanta. A 1973 Hiroyuki Hasegawa, wanda ya yi aikin injiniya a Yamaha, ya haɗa kai da Goichi Kitagawa suka kafa kamfanin HKS a gindin dutsen Fuji, suka fara ƙera kayan tobo da mutum zai saya ya ɗaura wa motarsa. Wasu gidajen suka biyo baya, har abin ya kai ga baje kolin Tokyo Auto Salon, wanda ya faro a 1983 kuma ake yi duk watan Janairu.

Abubuwa biyu suka yi wa sana'ar taki. Na farko, daga 1989 zuwa 2004 kamfanonin motocin Japan sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba wanda zai tallata mota a cikin gida da ƙarfin da ya haura doki 280. Sai suka riƙa ƙera injinan da za su iya fin haka nesa ba kusa ba, su danne su, su rubuta 280 a takarda. Na biyu, binciken lafiyar mota da dokar Japan ta wajabta, bayan shekara uku ga sabuwa sannan duk shekara biyu, yana da tsada da tsanani, har mutane kan gwammace su rabu da mota tun injinta na da sauran ƙarfi. Irin waɗannan motoci ake yankawa gida biyu, a loda rabin gaba a kwantena da injinsa da giyabos da wayoyi, a watsa su duniya.

Cikin waɗannan injina babu wanda ya yi suna kamar 2JZ-GTE na Toyota. Lita uku ne, silinda shida a jere, tobo biyu. Ya fara fitowa a motar Aristo a 1991, sannan a Supra daga 1993. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne mai kauri, karanshaf ɗinsa ƙerarren ƙarfe ne, akwai ƙananan bututai da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin kowane fistin don ya sanyaya, kuma an rage masa matsin silinda zuwa 8.5 domin ya bar wa tobo wuri. Wanda aka kai Amurka doki 320 aka rubuta masa, amma masu wannan sana'a sun daɗe suna ninka wannan adadi ba tare da sun taɓa fistin ko karanshaf ba, waɗanda suka sake masa kayan ciki kuma suna wuce doki 1,000. Ƙanensa 2JZ-GE, wanda ba shi da tobo, shi ne a cikin tsofaffin Lexus GS300 da IS300 da muke gani a titunanmu.

Nissan ma tana da nata. Motar Silvia a Japan ta zo da SR20DET, lita biyu mai tobo, amma 'yar uwarta 240SX da aka sayar a Amurka injin lita 2.4 marar tobo aka sa mata. Da yake gangar jikin motocin ɗaya ce, samarin Amurka suka shiga sayo injin Japan suna dasawa. Da irin wannan dashe mai sauƙi kanikawa da yawa suka koyi aikin.

Daga kasuwa zuwa cikin bonet

Aikin daga wurin sayen inji yake farawa, kuma gwani ba ya aika yaro. Ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Ladipo a Legas, ko Apo a Abuja, da kansa yake tsugunawa gaban injin. Ya kwance murfin baƙin mai ya haska ciki da tocila: idan ya ga ƙarfe launin zinariya, tsohon mai shi yana juye mai a kan lokaci, idan ya ga baƙin dasƙararren datti, ya san an azabtar da shi, idan ya ga fari-fari mai yauƙi a murfin, ruwa ya shiga mai. Ya kwance fulogai shida ya jera su a kan kwali bi da bi, yana duba ko launinsu ɗaya. Ya sa sifana a goshin karanshaf ya juya, yana sauraro. Ya cire tiyon bakin tobo ya kama fankar da yatsu biyu ya girgiza: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma idan tana shiga tana fita, ko ta karce bangon gidanta, tobon ya gama yawo. In da hali ya gwada matsin kowace silinda da geji, kada wata ta bambanta da 'yan uwanta da fiye da kashi goma cikin ɗari. Sannan ba ya barin wurin sai da wayarin ɗin injin cikakke, ba wanda aka datse da almakashi ba, da ƙwaƙwalwarsa, wadda kanikawa ke kira birenbos.

A gareji sai a shiga gwaji. A sauke inji cikin bonet, a ga inda ya tokare, a ɗaga, a sake saukewa. Kaskon baƙin mai kaɗai ya isa ya tsayar da aiki: na Aristo tumbinsa a gaba yake, na Supra a baya, kuma wanda zai shiga ya danganta da inda ƙarfen gicciye da sitiyarin motar suka bi. Mazaunin inji sai an yanka sabon ƙarfe an yi walda, kuma dole inji da giyabos da farfela su tsaya a kan layi ɗaya, in ba haka ba mota ta riƙa kakkarwa a guje har ta cinye kanta. Giyabos ɗin asali sau da yawa ba ya iya ɗaukar sabon ƙarfin, shi ya sa ake nemo R154 na Toyota, ko a ɗauko na Nissan 350Z ko na BMW a haɗa da faranti na musamman. Kuloci sai mai ƙarfi. Farfela sai an rage ko an ƙara mata tsawo, a kai ta a daidaita nauyinta.

Daga nan sai maganar zafi. Iskar da aka matse zafi take yi, tana iya wuce digiri 100 a bakin tobo, kuma iska mai zafi ba ta da nauyi, ga ta da jawo bugun inji. Don haka ake bi da ita ta intakula, wato lagireton iska, a gaban mota inda za ta sha sanyi kafin ta shiga inji. Lagireton ruwa shi ma sai an ƙara masa girma. Bututun da ke kai wa tobo baƙin mai siriri ne, wanda ke mayar da man kasko kuwa dole ya zama mai faɗi kuma ya gangara ba lanƙwasa, in ba haka ba man ya taru ya ɓulle ta salansa. Famfon fetur da nozul sai manya. Ƙofar sakin hayaƙi, wadda ke buɗewa ta karkatar da hayaƙi idan matsi ya kai iyakar da aka sa, ita ce linzamin tobo, kuma idan ta maƙale inji na iya tarwatsewa cikin daƙiƙu.

Mai wayarin shi ke shan wahalar da ba a gani. Sai ya zauna da zanen wayoyin motoci biyu, ya bi kowace waya da mita, ya haɗa sabon inji da tsohon dashbod domin allurar zafi da ta gudu su faɗi gaskiya. Injinan baya-bayan nan ma ba sa tashi sai ƙwaƙwalwa ta gane makullinta. Ranar tayarwa ta farko, gwani ba ya barin inji ya kama nan take. Yakan cire wuta da fetur, ya yi ta ba shi kiki har gejin baƙin mai ya motsa, don kada tobo ya yi juyinsa na farko a bushe.

Wurin da ake gane gwani

Inji ya tashi, amma rabin aiki aka yi. Sauran rabin a kan kwamfuta yake. A cikin ƙwaƙwalwar mota akwai jadawali: a juyi kaza da matsi kaza, a fesa mai kaza, a ba da wuta a lokaci kaza. Tunda an canja tobo da nozul da bututai, tsohon jadawalin ya tashi aiki. Ko dai a sake rubuta shi, ko a sa sabuwar ƙwaƙwalwa irin ta Haltech ko MoTeC na Ostareliya, ko Link ta New Zealand, wadda mai aiki zai cike gidajenta ɗaya bayan ɗaya.

A kan daino ake wannan aiki, wata na'ura mai manyan gangunan ƙarfe da tayoyin mota ke juyawa alhali motar na tsaye. A ɗaure ta da igiyoyi gaba da baya, a kafa mata babbar fanka a hanci, a soka na'urar auna hayaƙi a salansa. Mai aikin na zaune a kujerar direba, kwamfuta a cinya, a kunnensa kuma abin sauraro da aka jona da gangar injin. Ya sa giya ta huɗu, ya taka totur a hankali har ƙasa. Idonsa na kan lamba ɗaya, wato awon iska da mai. A tafiyar yau da kullum 14.7 ake so, amma da zarar tobo ya fara turi dole ta sauko wajen 11.5 zuwa 12, domin rarar man ita ke sanyaya cikin silinda. Idan ya ga ta haura 13 alhali matsi na hawa, ɗage ƙafa yake yi nan take, ba ya jira ya ga ƙarshen gudun.

Kunnensa kuma yana farautar wata 'yar ƙara siririya, ƙas-ƙas, ta ƙarfe a kan ƙarfe. Wannan ita ce bugun inji, alamar cewa man ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama cinye shi. Ita ke fasa bakin fistin, ta karya zobe, ta ƙone gasket. Sirrin ƙarfi yana cikin matso da lokacin wuta gaba, digiri ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane digiri yana ƙara kusantar da inji ga wannan ƙara. Gwani yakan matsa har ya ga ƙarfin ya daina ƙaruwa, sannan ya ja da baya ya bar tazara. Tazarar nan ita ce amanar da ke tsakaninsa da mai mota, domin motar za ta haɗu da rana mai zafi, da man da ba shi da kyau, da doguwar hanya, a inda shi ba ya nan.

Injin Japan a ranar Kano

Jadawalin da aka rubuta a Japan ko Ingila ba zai yi aiki a nan yadda yake ba. A can akwai fetur mai daraja ta sama wanda ke jure matsi. A gidajen manmu iri ɗaya ake sayarwa, bai kai wancan ba, ga na bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri kan wuce digiri 40, intakula kuwa ba ta iya sanyaya iska ƙasa da zafin garin. Ƙurar hunturu tana cin bakin fankar tobo idan matatar iska ba ta kirki ba ce. Saboda haka mai hankali a nan yakan rage matsi, ya ja wuta baya, ya ƙara girman kayan sanyaya, ya haƙura da wasu dawakan.

Akwai kuma ɗabi'un da muka saba da su waɗanda tsohon inji ke yafewa amma tobo ba ya yafewa. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye yana hana inji kaiwa zafin da aka tsara masa, ya rikita lissafin ƙwaƙwalwa. Zuba ruwan rijiya a lagireto yana toshe shi da tsatsa. Baƙin man awo na bakin titi ba ya jure zafin sandar tobo. Direban da ke taka totur ya kashe mota nan take ya bar tobo na juyawa ba mai. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya ya kamata ya bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye, don kada man ya ƙone a cikin tobon.

Ta fuskar hannu kuwa, ba mu da abin jin kunya. Wanda ya ga abin da masu walda da masu injin gurza ƙarfe ke fitarwa a Panteka ta Kaduna ya san mazaunin inji ko lanƙwasa bututu ba zai gagare su ba. Kanikawanmu sun daɗe suna ɗora injin wannan kamfani a motar wancan don motar haya ta ci gaba da nemo abinci. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan awo da sabawa da amfani da su: daino, na'urar auna hayaƙi, sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, da littafin da ake rubuta abin da aka gani.

Mai mota da mai aiki

Tambayar farko da mai mota kan yi ita ce, "Oga, doki nawa za ta ba ni?" Bakanike na gari kuma da tambaya yake amsawa: "Ranka ya daɗe, ina za ka riƙa hawanta, kuma a ina kake shan mai?" Daga nan sai ya kawo maganar da masu mota ba su cika son ji ba, wato birki da taya da shakazoba. Motar da ta ninka gudunta, ƙarfin da birki zai kashe kafin ta tsaya ya ninka sau huɗu. Wanda ya ɗora doki 500 a kan birkin da aka yi wa doki 150 da tayoyin gwanjo, da hannunsa a duk abin da ya biyo baya. Araha ba ta ado a wannan aiki, kuma kuɗin injin sau da yawa bai kai na tarkacen da ke kewaye da shi ba.

Haka nan takardu. Lambar inji tana cikin takardun mota, don haka a riƙe rasit ɗin sabon, a kuma sanar da hukumar rajista. Irin wannan ƙarfi filin tsere aka yi dominsa, inda aka killace 'yan kallo. Titin unguwa ranar ɗaurin aure, inda yara ke tsallakawa, ba wurinsa ba ne, kuma bakaniken da ya san darajar aikinsa yana da ikon ya ce ba zai yi wa wane ba.

Kada a ɗauka wannan ilimi na masu kuɗi da 'yan wasan mota ne kaɗai. Kamfanoni sun koma ƙananan injina masu tobo don rage shan mai. Honda Civic ta 2016 ta zo da lita 1.5 mai tobo. Accord ta 2018 ta ajiye V6 ta koma tobo. Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 ta bar V8 ta ɗauki V6 mai tobo biyu. Waɗannan su ne motocin Beljiyam da suka fara cika garejojinmu, kuma ba a gyara su da kunne da ƙiyasi. Duk ogan da ke da yara a ƙarƙashinsa, ya kamata ya ware wanda ya fi kai a cikinsu, ya saya masa mita da na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota, ya tura shi inda zai koyi zanen waya da lissafin iska da mai. Yaron da ya iya wannan a yau, shi sauran garejoji za su riƙa turo wa aiki nan da shekara goma.